Abin da Injiniya Ta Tsinta a Bayan Firiji

Injiniya ake ce mata, ko da yake ba ta taɓa taka ajin da ake koyar da injiniyanci ba. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, yana da ɗan shago a ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, kuma 'ya'ya mata biyu Allah ya ba shi. Ƙaramar ba ta ƙaunar warin dalma. Babbar kuwa, tun kanta bai kai tsayin teburin ba take riƙe masa fitila. Kafin ta isa aure ta iya buɗe fanka da dutsen guga da rediyo, sau da yawa ma da hanci take gano inda abu ya ƙone. Maƙwabtan shago ne suka laƙaba mata sunan don tsokana, sai ya bi ta har gidan miji.

Shagon bai yi nisan kwana ba bayan rasuwar tsohon. Ba kasawa ta yi ba, kayan ne suka canja hali. Aka fara kawo mata abubuwan da aka liƙe da gam, babu noti ko ɗaya da za a kwance. In ka buɗe ka fasa, in ka fasa mai kaya ya tasa ka gaba. Mutane suka gane sayen sabo ya fi gyara sauƙi. Ta naɗe kayan aikinta a tsumma, ta mayar wa mai bene makullinsa.

Mijinta direban tifa ne, autan gidansu, har ya fara furfura a gemu Auta ake kiransa. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda in ka taka masa ƙafa shi zai riga ka ba da haƙuri. Yayansa ne ya raine shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa tuƙi, shi ya tsaya masa a komai, saboda haka maganar Yaya ba ta faɗuwa ƙasa a wurinsa. Shi Yayan yana da babban fili a bayan gari, an kewaye shi da kwano, inda ake tara matattun kayan lantarki: firiji a kan firiji, injinan wanki sun hangame baki, talabijin an kife su kamar masu jin kunya. A nan Injiniya ta samu aiki. Wadda ta saba tayar da matattun kaya ta koma mai feɗe su. Jan ƙarfe gefe, alminiyam gefe, baƙin ƙarfe gefe, kuma babu wanda ya kai ta tsabtar aiki.

A shekarun nan gwamnati ta ɗauki wani buri, wai abin da ƙasa ta gama amfani da shi ya riƙa juyowa ya sake zama kaya, maimakon ya ƙare a rami. Buri kuwa ba a sanin ya yi nisa sai da awo, don haka aka ɗora wa ofishin ƙididdiga aikin gano kashi nawa na tsofaffin kaya ke komawa masana'anta, kashi nawa ke salwanta. Filaye masu lasisi irin na Yaya su ke ba da adadin. Duk abin da ya hau sikelin bakin ƙofa, Yaya cewa yake an sake sarrafa shi, har aka ba shi koren allo ya kafa a ƙofa. Baba Mai Guduma, dattijon da ke fasa gangar jikin firiji, yakan dubi allon ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Kowa a filin ya san kimar. Ƙarafa suna da masu saye. Amma soson da ke cikin bangon firiji, da baƙar roba, da gilashin talabijin, babu mai so, kuma kai su jujin gwamnati na nufin a biya, a kuma rubuta cewa filin bai sarrafa su ba. Sai a loda wa Auta, ya kai su wani tsohon ramin da aka daina fasa dutse, wasu su cinna wuta. Hanyar ramin ta bi ta unguwar da ƙanwar Injiniya ke aure, tana da ɗan shagon kayan masarufi a bakin titi. Duk zuwan da za ta yi gidan yayarta sai ta yi ƙorafin hayaƙi: an daina shanya a waje, ƙaramin ɗanta ba ya rabuwa da tari, Allah ya isa tsakaninta da masu tifofin nan. Tifofin da ke bi ta nan suna da yawa, ƙura kuma ta rufe su, ba ta taɓa lura da wanda ke ciki ba. Injiniya takan ƙara mata shayi ta canja zance.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. An kawo wani ƙaton firiji mai ƙofa biyu daga wurin da jama'a ke ajiye tsofaffin kaya. Ta kwantar da shi, ta cire murfin baya, ta zura hannu za ta yanke wayoyin injin, sai yatsunta suka taɓa wani abu da bai kamata a ce yana nan ba. Ta leƙa. Wani baƙin akwati ne, bai wuce girman sabulu ba, an manna shi da sabon gam a lungu. Babu wayar firijin ko ɗaya da ta shiga jikinsa. Firijin ya shekara da mutuwa, amma a goshin akwatin wata 'yar koriyar fitila tana ƙiftawa.

Abin da kowa zai zata shi ta zata: bam ne. Hannunta na dama yana ciki, ta kasa janye shi don tsoron kada ta girgiza wani abu. A gefenta Baba Mai Guduma yana ta dukan ƙarfe, kowane bugu tana jin sa a haƙarƙarin firijin, ga tukwanen gas na yankan ƙarfe jingine da bango. Ta kira shi a hankali, bai ji ba, don kunnensa ya yi nauyi. Ta ɗaga hannun hagu ta riƙe a sama har Allah ya sa ya waigo. Da ya ga fuskarta, ya ajiye gudumar kamar mai ajiye ƙwai.

Ta yi masa nuni ya miƙo mata wani fasasshen madubi da ke ƙasa. Ta zura shi ta ƙarƙashin akwatin, ta karkata har haske ya faɗa. Akwai 'yar farar takarda a manne, rubutun a juye, ta haɗa shi harafi-harafi: kayan ofishin ƙididdiga ne, na'urar bin sawu ce don a san inda tsofaffin kaya ke ƙarewa, ba ta da illa, wanda ya gani ya bar ta a inda take.

Ta zauna a ƙasa daɓas, ta sauke numfashi. Baba ya tambaya, ta gaya masa a kunne. Ya ɗauki gudumarsa, ya ce shi dai idonsa ya daɗe da raunana, bai ga komai ba.

Sauƙin da ta ji bai daɗe ba. Ta san irin wannan na'ura: layin waya ne a cikinta, tana faɗin inda take tun tana hanya. Kuma wanda zai saki guda ba guda zai saki ba. Firiji nawa aka fasa a watan nan ba tare da an leƙa lungunsu ba, aka loda gangar jikin aka kai rami? Yaya ba ya zuwa ramin. Sunansa yana kan lasisi ne kawai. Wanda za a tarar da hannu dumu-dumu mijinta ne.

Ta same shi a inuwar tifa yana cin burodi da shayi. Da ta gama faɗa masa, ya ajiye kofin, ya ce dole Yaya ya ji. Ta so su yi shawara tukuna, amma ya riga ya miƙe.

Ofishin Yaya wata kwantena ce da aka yanka wa taga, fanka tana juyi a kan kabad. Ya saurara, ya yi dariya, ya ce ashe gwamnati ta fara sa wa bola ido. Da ya lura babu wanda ya taya shi dariyar, ya gyara zama.

"Ki ɓamɓare shi a hankali," in ji shi, "ki manna a cikin ƙarafan da za su masana'anta gobe. Tafiya suke son gani, to ga tafiya."

"Yaya, wannan shi muka gani," in ji ta. "Waɗanda ba mu gani ba fa? Satin nan ma an kai kaya can."

Ya ce wuta ta cinye su. Ta ce kafin wuta ta ci su sun riga sun faɗi inda suke. Ya dube ta irin duban da bai taɓa yi mata ba, sannan ya juya ga ƙanensa kamar ba ta wurin. Ya ce tunda haka ne, tulin soso da robar da ke bayan fili kada ya kwana. In masu ƙididdiga sun zo, su tarar da wuri tas. A loda yanzu, Auta ya kai. Auta ya ce to.

Yayin da ake loda tifar, ta ja shi bayan wani tulin injinan wanki. Ta ce yau ce ranar da ta fi kowace rana haɗari, ya ce wa Yaya mota ta lalace, ya ce cikinsa ke ciwo, ya ce komai. Ya sunkuyar da kai, ya ce da wane baki zai ce wa Yaya a'a, mutumin da ya goya shi. Ta ce Yaya ba zai goya shi zuwa kotu ba. Ya je ya ja tamfol ya rufe kayan, ya hau.

Ta koma wurin firijin, ta sa wuƙa ta ɓamɓare akwatin. Ta tsaya da shi a hannu, tana kallon tulin ƙarafan da aka ce ta manna shi a ciki. Sai ta ji tifa ta tashi. Ta jefa shi a aljihun rigar aikinta, ta ruga, ta kama ƙofar gefen fasinja kafin motar ta fita ƙofa, ta haye. Auta ya tambaye ta ina za ta, ta ce inda za shi.

Sai da suka hau babban titi, suka wuce gidan mai da shagunan masu taya, sannan ta ciro akwatin ta ɗora a cinyarta. Fitilar tana ta ƙiftawa. Ya kalla, tifar ta yi wani layi har mai babur a gefe ya zage shi.

"Ki jefar da shi," ya ce. "Don girman Allah ki jefar."

"Ba zan jefar ba. Duk inda ka kai mu, da shi za mu. In jujin gwamnati ka nufa, shi zai yi maka shaida."

"Kin san abin da kike yi min kuwa?"

"Na sani," in ji ta, alhali ba ta da tabbas. Ta zata in ta tsare shi haka zai miƙe zuwa juji. Ba ta yi lissafin cewa mai sanyin hali ma, in an matse shi ta gaba da baya, yakan rufe ido ya bi hanyar da ƙafarsa ta saba ba.

A madubin gefenta ta hango wata farar ƙaramar mota a bayansu. Auta ya rage gudu don ta wuce, ita ma ta rage. Da suka iso mararraba, miƙaƙƙen titi yana zuwa juji, hanyar ƙasa ta hagu tana zuwa rami, ya daɗe ƙafarsa a kan birki har na baya suka fara matsa oda. Sannan ya murza sitiyari hagu. Farar motar ta biyo su.

Hanyar duk ramuka ce, dole a tafi a hankali. A daidai shagon ƙanwarta tifar ta kusa tsayawa. Ƙanwar tana waje tana kakkaɓe ƙura daga kwalayen omo, ta ɗago da niyyar yin tsakin da ta saba, sai idonta ya faɗa cikin na yayarta. Ta dubi direban. Ta dubi tamfol da baƙar robar da ke leƙowa ta ƙarƙashinsa. Tsumman ya faɗi daga hannunta. Injiniya ba ta kawar da kai ba, amma ta kasa ɗaga hannu, har suka wuce.

Ba ta taɓa ganin ramin ba sai ranar. Ya fi yadda take zato faɗi da zurfi, bangonsa ya yi baƙi ƙirin, ƙasan ramin yana ci a hankali babu harshen wuta, hayaƙi mai ɗaci yana kama maƙogwaro. Gangar jikin firiji sun narke sun lanƙwashe. Wasu ta gane su, hannunta ne ya feɗe su. Auta ya juya motar ya yi baya zuwa bakin ramin kamar yadda ya saba, ya ɗora hannu a kan ƙarfen da ke ɗaga bodi. Farar motar ta tsaya nesa kaɗan. Wata mata ta fito, sanye da dogon takalmin roba da hular rana, da wani mutum mai kyamara a wuya.

Injin yana ta rugugi. Hannun Auta yana kan ƙarfen. Ja ɗaya ne tsakaninsa da zubar da kayan a gaban idonsu. Matar ta ƙaraso har gindin taga, ta yi sallama, ta ɗaga katin aikinta. Auta ya janye hannunsa, ya kashe mota.

Matar ta yi magana ba tare da ɗaga murya ba. Ta ce daga ofishin ƙididdiga suke, na'urorinsu da dama sun zo nan sun yi shiru, dama yau suka shirya zuwa su ga wurin, sai suka ga wata tana tafe a hanya. Ta ce su ba 'yan sanda ba ne, ba sa kama kowa, amma ba za ta ruɗe su ba: abin da suka gani za su rubuta, kuma hukumar muhalli tana karanta abin da suka rubuta. Sannan ta tambayi mene ne a motar, daga ina kuma.

Injiniya ta miƙa mata akwatin ta taga. Ta buɗe baki za ta amsa, Auta ya riga ta.

"Soso ne da roba da gilashi," ya ce. "Ni nake kawowa. Na daɗe ina kawowa."

Bai ambaci yayansa ba, ba a kuma buƙaci ya ambata ba, don sunan filin yana rubuce a ƙofar tifar, mai kyamara ya goge ƙurar da gwiwar hannu ya ɗauki hoto. Daga nan suka juya da kayansu, farar motar a gaba, har jujin gwamnati, inda tifar ta hau sikeli aka rubuta nauyin da sunan filin Yaya. Wayar Auta ta yi ta ringi a aljihunsa duk tsawon hanyar, bai ɗauka ba.

Abin da ya biyo baya babu daɗi. Aka dakatar da lasisin filin, aka cire koren allon. Aka kira Auta ya wuni yana amsa tambayoyi, aka ci shi tara, aka sallame shi don bai wahalar da su ba. Yaya ya karɓe makullin tifa, ya je ya faɗa wa mahaifiyarsu cewa mace ta raba shi da ƙanensa. Ma'aikatan filin da suka zauna watanni ba aiki, wasu sun daina amsa gaisuwar Injiniya a hanya, kuma ba ta ga laifinsu ba. Ƙanwarta ta zo gidan washegari, ta ƙi zama, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ashe duk shayin da ake ƙara mata na toshe baki ne. Injiniya ta ce haka ne. Sai da aka rufe ramin da ƙasa, aka sa shinge, sannan ƙanwar ta fara turo yara su gaishe ta, ita kuwa har yanzu ba ta sake zama a gidan ba.

Da ofishin ƙididdiga ya fitar da adadin shekarar, ya faɗi ƙasa sosai da na bara, don ashe ba filin Yaya kaɗai ke da rami ba. Aka yi ta musu a jaridu, wasu na cewa ƙasa ta ci baya, wasu na cewa dama can a nan take, yanzu ne aka auna daidai. Injiniya ta ji ana maganar a motar haya, ba ta sa baki ba. A lokacin ta samu aiki a masana'antar da ke narkar da roba, tana tsaye a bakin bel ɗin da ke jan kaya tana tsince abin da bai kamata ya shiga inji ba. Auta kuma yana jan motar wani gidan burodi, yana fita da sassafe. Sun daɗe ba sa tayar da zancen ranar. Sau ɗaya ya ce mata da ta bar shi ya zaɓa da kansa, ta ce gaskiyarsa, ta ba shi haƙuri, amma ba ta ce ta yi nadama ba, shi ma bai nema ba.

Filin ya sake buɗewa da ma'aikata kaɗan da sharuɗɗa masu yawa. Yaya bai neme su ba, su ma ba su je ba. Sai da mahaifiyarsu ta zame a bayi ta karya ƙugu aka haɗu a asibiti. Ɗakin hoton ƙashi yana sama, keken marasa lafiya kuma duk an ɗauke, dole aka ɗauki tsohuwar a kan kujera. Yaya ya kama gefe ɗaya, Auta ya kama ɗaya, tsohuwa tana nishi tana yi musu faɗan su bi a hankali, ita ba buhu ba ce. Ƙafar da ta karye tana lilo. A kan matakala ta farko Yaya ya tsaya, ya yi magana bai dubi kowa ba.

"Injiniya, tallafe mata ƙafar nan da kyau."

Ta tallafe, suka hau tare. Da aka shigar da tsohuwar, su ukun suka zauna a benci ɗaya a baranda, ita a ƙarshe. Can Yaya ya tambayi Auta ko birkin motar burodin yana da kyau, don ya ga yadda take tsayawa a shataletale bai yi masa ba. Auta ya ce yana ɗan ja gefe. Yaya ya ce ya kawo ta fili ranar da ba ya aiki, a duba.